Gayyar Rumbu

Daren Laraba, benen Tasi'u a Kabuga,
inji ya yi tari sau biyu, ya yi shiru,
muka haska farin allo da fitilar waya.
Mu huɗu ne, shayi ya huce a kofi,
hadari na haɗowa ta wajen Rijiyar Zaki,
dogon hutu kuwa saura sati uku.

Rumbun bayanan nan ba shi da mai shi.
Wani a Legas ya ɗora masa jinka,
wata da ban taɓa ganin fuskarta ba
ta toshe ramin ɓera da asubahin ƙasarsu.
Da na ba kakata labari, cewa ta yi:
ai gayya ce, sai dai taku babu fura.

Ɗalibai tara suka nema,
kujera biyar gare mu.

Munzali ya rubuto shafi goma sha ɗaya:
zai rushe injin bincike, ya sake gina shi,
sauri ninki goma, kafin Satumba.
Barira ta yi dariya har ta ƙware.
Na ce kada a kashe wa yaro gwiwa,
mai son ɗaukar Dala a ka
a fara ba shi tulu, a ga wuyansa.
Muka yanka masa loma daidai baki:
kusurwa ɗaya, gwaji ashirin,
ranar Juma'a ya nuna abin da ya tashi.

Hansatu layi shida kawai ta rubuto.
Kemis ɗin babanta yana Kurna,
da an fara yayyafi sabis ya gudu.
Tana so lissafi ya jira a cikin waya
har layi ya dawo, a haɗe shi da na rumbu.
Tasi'u ya ce: to, in mutum biyu
suka sayar da kwalbar ƙarshe a cikin duhu,
maganar wa rumbu zai ɗauka?
Muka yi tsit.
Barira ta ce: wannan tambayar ita ce aikin,
ni zan riƙe mata hannu.

Sai lissafin da ba ya shiga waƙa:
kuɗin data, kuɗin mai, kuɗin adaidaita,
batirin da za a nemo a Fam Santa,
da Nafi'u, mai aron kwamfutar yayansa
daga bayan isha'i zuwa kiran assalatu.
Na rubuta a gefe: a ba shi tsohuwar tawa,
harafi biyu sun goge, amma tana numfashi.

Jagorar masu shigowa, ba wanda ya nema.
Kowa na son gini, ba mai son share ƙofa.
Sagir ya ce a bar masa, muka yi masa tafi
irin na wanda ya ɗauki wanke-wanken biki.

Saura ɗaya. Na daɗe riƙe da alƙalami.

Bara, a asibitin unguwarmu,
akawu ya nemi katina har azahar.
Ɗayyaba, in ji ni. Babu, in ji na'ura.
Can ƙasa, bayan Zulai da Zubairu,
muka tsince ni da alamar tambaya a ka,
lanƙwasar sunana ta karye a hanya.
Tare muke da Ɗanlami, da mutanen Ƙofar Mata,
duk an koro mu bayan layi.

Sati goma.
A koya wa rumbu cewa ɓ na bin b,
ɗ na bin d, ƙ ba baƙuwa ba ce.
Ƙaramin aiki ne, in ji Tasi'u.
Na ce: haka ƙugiya take.

Ruwa ya kece a kan kwano,
ba mai jin maganar wani.
Na ɗaga wayar kusa da allo,
na rubuta lamba biyar,
na ja wa harafin farko wutsiyarsa sosai.